Waƙar No Woman No Cry: babu mace babu kuka ne, ko lallashi yake yi?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Ni fa har gobe ina nan kan bakana, waƙar nan ta Bob Marley ma'anarta babu mace babu kuka, wato in ka yi nesa da mata ka huta da ɓacin rai. Haka yayyenmu suka faɗa mana tun zamanin kaset, kuma direbobin da ke rubuta ta a bayan mota abin da suke nufi kenan. Turancin ma ai a fili yake, irin no work no pay ɗin da gwamnati ke faɗa wa malaman jami'a in suna yajin aiki, babu aiki babu albashi. To ina bambancin?

Maman Hanifa: Haba yaya. Don Allah ka taɓa jin waƙar har ƙarshe kuwa, ko amshin kawai kake kamawa? Mace yake wa magana kai tsaye fa, yana ce mata ƙanwata kada ki zubar da hawaye, can gaba ya yi ta maimaita cewa komai zai daidaita. Mutumin da ke gudun mata ne zai zauna yana lallashin mace haka? Wallahi abin yana min ciwo, waƙar da aka yi don a share wa mace hawaye ita aka juya ake yi mana gori da ita.

Ɗan Fagge: Ƙanwata ni ba gori nake ba, nahawu nake bi. In lallashi ne me ya hana shi ya ce don't cry kamar kowa?

Baban Ummi: To ɗana tsaya ka ji, inda ka kuskure shi ne ka auna maganar mutumin Jamaika da mudun Ingila. Bob Marley a Kingston ya girma, unguwar talakawa da ake kira Trenchtown, kuma yarensu na yau da kullum shi ne Patwa, kalmomin galibi daga Turanci amma ginin jimlar nasu ne, ya samo asali tun zamanin da aka kwaso bayi daga Afirka ta Yamma, shi ya sa har yau in za su ce "ku" sai su ce unu kamar Igbo, cin abinci kuma nyam, wanda duk mai jin Fulatanci zai ji kalmar ta yi masa kama da tasu. A wannan yaren in za a hana ka abu no ko nuh kawai ake sawa gaban aikatau. Kai da ke zuwa Sabon Gari kullum, in Inyamuri ya taka ka ya ce no vex, cewa yake babu fushi a duniya? Cewa yake kada ka ji haushi. No cry ɗin ma haka, kada ki yi kuka. Waƙafi ne kawai ba a ji a baki: a'a, mace, kada ki yi kuka.
Sannan ka dubi abin da baitocin ke bayarwa. Yana tuna mata zaman da suka yi a gidajen gwamnati na Trenchtown, irin gidan hayar nan da iyalai da yawa ke tsakar gida ɗaya, wani Georgie yana hura wutar icce tana ci har dare ya raba, su dama kunun masara ya raba da ita, yana tuna abokan kirki da aka yi da waɗanda aka rasa a hanya, ƙafarsa ce kaɗai motarsa, zai tafi amma kafin ya dawo ta riƙe hawayenta. Talauci ne da haƙuri da amana tsakanin mutum biyu. A 1974 ta fara fitowa a faifan Natty Dread, amma wadda duniya ta fi sani ita ce wadda aka ɗauka a wasan da ya yi a Landan a 1975, kuma sunan da aka rubuta a matsayin marubuci na abokinsa ne Vincent Ford, mai ciyar da mabuƙata a unguwar.

Malam na GSS: Baba na yarda da fassararka ɗari bisa ɗari. Amma ni damuwata daban ce, kuma a nan ina ɗan goyon bayan Ɗan Fagge, waɗannan waƙoƙin suna lalata wa yara Turanci. A cikin wannan waƙar ma akwai don't shed no tears, korewa biyu a jimla ɗaya. Rolling Stones sun yi I can't get no satisfaction a 1965, Pink Floyd sun yi we don't need no education a 1979, su kuma Turawan Ingila ne fa ba Jamaika ba. Yaro ya haddace ya zo ya rubuta min I don't have no money a insha'i, in na ja masa jan biro ya ce ai Bature ma haka ya faɗa. WAEC ba ruwanta da Bature ya faɗa, maki za ta zaftare.

Ɗan Maraɗi: Malam mu da muka yi boko da Faransanci abin bai zame mana baƙo ba. Je ne vois rien, wato ba na ganin komai, ne korewa ce rien ma haka, kuma shi ne daidai a makaranta. Hausar ma ai ban gani ba muke cewa, ba a gaba ba a baya, babu wanda ya taɓa cewa sun kashe juna don haka na gani.

Baban Ummi: Madalla ɗan Nijar. Turancin kansa da haka yake, Chaucer, marubucin waƙoƙi na Ingila da ya yi rubutu kafin shekarar 1400, yana jera korewa biyu har uku a jimla guda. Masu littattafan nahawu ne daga baya, irin su Robert Lowth a 1762, suka kafa cewa korewa biyu tabbatarwa ce, makarantu suka ɗauka. Amma bakin mutane bai daina ba, musamman baƙaƙen Amurka da talakawan Ingila, kuma 'yan Rolling Stones waƙoƙin baƙaƙen Amurka suka taso suna kwaikwayo. Don haka ba jahilci ba ne, karin harshe ne mai dokarsa, ƙarfafa korewar yake yi.

Malam na GSS: Ban ce jahilci ba ne Baba. Cewa nake kowane Turanci da muhallinsa, kuma yaran nan ba su kai su bambance ba tukun, wanda bai gama sanin doka ba ya za a yi ya san inda ake karya ta?

Maman Hanifa: To Malam ai aikinku ne ku nuna musu, hana su ji ba zai yiwu ba, waya na hannunsu. Ka rubuta baitin a allo ka ce su mayar da shi Turancin jarrabawa, yaro zai ga no ta koma any da idonsa kuma ba zai manta ba.

Ɗan Fagge: Duk na ji. Amma ku ma ku yarda cewa waƙa in ta fita daga bakin mawaƙi ta zama ta masu ji. Direban da matarsa ta gudu ya rubuta a motarsa, abin da ke ransa ya rubuta, wa zai ce masa ƙarya yake?

Maman Hanifa: Ya rubuta abin da ke ransa yaya, babu mai hana shi, amma kada ya ce Bob Marley ne ya faɗa. Ka sa waƙar yau da dare ka saurari baiti na biyu da kyau, daga wurin hura wutar zuwa inda ya raba kunun da ita, gobe ka zo ka nuna min layi ɗaya tak da ya ce a guji mace.