Na kusa arba'in ina aikin labo, akwai sauran lokacin shiga bincike?

Mai Labo, Yamai:
Salamu alaikum. Ina da lisansi a biyoshimi, wato ilimin sinadaran jiki, kuma tun da na gama nake aiki a wani labo nan Yamai. A kawo jini, in juya shi a inji, in auna anzim ɗin hanta (sinadaran da ke juya wasu sinadarai ko karya su a jiki), in rubuta sakamako in miƙa. Ba na raina aikin, da shi nake ciyar da iyali. Abin da ke cin raina shi ne tramol. Na ga wani ɗan kabu-kabu na unguwarmu ya faɗi bakin titi yana jijjiga, kumfa a baki, alhali abokinsa da suka sha tare yana tsaye garau. Me ya raba su? Ina so in koma jami'a in yi master, in Allah ya yarda har doktora, a kan wannan. Sai dai shekaru sun ja, ga mata ga yara. Wanda ya san hanyar nan ya faɗa mini gaskiya.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba ka makara ba, kuma tambayar taka tana da uba: Julius Axelrod, masanin kimiyya haifaffen New York a 1912. Makarantun likitanci sun ƙi ɗaukarsa, sai ya shiga wani labo a 1935 yana auna bitamin a cikin abinci, har 1946. A nan ne kwalbar amoniya ta fashe ta lalata masa idon hagu. Da ya koma aiki da Bernard Brodie, wani masanin magunguna, suka nuna a 1948 cewa jiki yana juya wani tsohon maganin ciwon kai zuwa parasitamol, kuma parasitamol ɗin ne mai kashe ciwon. Duk wannan ba shi da doktora. Sai a 1955 ya same ta, yana da shekara 42.

Bayan nan ne ma ya yi babban aikinsa. Ya gano anzim ɗin COMT, mai karya adrenalin da noradrenalin, sinadaran da ke kai saƙo a jiki; noradrenalin jijiyoyi ne ke sakinsa. A lokacin an ɗauka anzim ne ke kashe saƙon jijiya da zarar ya isa. Axelrod da abokan aikinsa suka sa wa noradrenalin alamar tiritiyom, wani sinadari mai fitar da haske da inji ke iya ganowa, don su bi sawunsa, suka yi wa kyanwoyi allurarsa. Kafin nan sun lalata jijiyoyin ɓangare ɗaya na kan dabbar. Ɓangaren da jijiyarsa ke nan ya zuƙe sinadarin, ɗayan kuwa kusan babu. Ashe jijiyar da ta saki saƙon ita ke dawo da shi ta adana, kamar mai shayi a fada da ke karɓe kofinsa ya sake zubawa. A 1961 ke nan. A 1970 aka ba shi kyautar Nobel tare da Ulf von Euler da Bernard Katz. Ni a ganina hannun da ya saba da awo a labo ne ya kai shi, irin naka.

Hajiya Mai Farmasi, Tawa:
Malam ya kawo ka bakin ƙofa, ƙanena, bari in ƙarasa. Tramol fuska biyu gare shi. Shi kansa yana toshe waccan hanyar da jijiya ke dawo da noradrenalin da serotonin, wani sinadarin saƙon jijiya, sai su taru, mutum ya ji gajiya ta tafi. Shi ya sa masu aikin ƙarfi ke son sa. Sannan wani anzim na hanta, CYP2D6, yana juya shi zuwa wani sinadari mai aiki irin na morfin, maganin kashe zafi mai ƙarfi. Anzim ɗin nan ba ɗaya yake ba a jikin kowa, gado ne. Wani nasa mai sauri ne, numfashinsa ne ke cikin haɗari. Wani nasa mai nawa ne, tramol ɗin ya jima a jininsa. Wannan na iya zama cikin abin da ya raba yaran nan biyu.

Kada ka manta da ƙwayar kanta. Ta farmasi 50 mg ce, kuma likita ba ya wuce 400 mg a yini. Ta kan tebur akwai mai 225 mg, yaro ya haɗiye biyu ko uku da kofi. Iyaye mata suna zuwa mini da fanko a ƙulle a bakin zane, suna tambaya ko wannan ne ya haukata ɗansu. Ina roƙonka ka yi karatun nan.

Ɗalibin Doktora:
Yaya, ina girmama maganar Malam, amma Axelrod a NIH yake, wato cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, gwamnatin Amurka na biyan komai. Mu nan sinadarin gwaji ɗaya sai ka yi watanni kana jira, in wuta ta ɗauke firiza ta narke, aikinka ya tafi. Kada ka bar aikinka. Ka fara neman malamin da zai riƙe ka a Jami'ar Abdou Moumouni kafin ka cika takarda, ka kuma leƙa CERMES, cibiyar binciken lafiya, da LANSPEX, babban labon lafiya na ƙasa, duk nan Yamai, ka ga injinan da ke akwai. Ka zaɓi tambaya ƙarama: auna ainihin abin da ke cikin ƙwayoyin kan tebur ya isa master. Batun gadon anzim ka bar wa doktora, don sai da izinin kwamitin ɗa'a da yardar kowane mai ba da jini.

Mai Labo, Yamai:
Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya. Ƙanena, na ɗauki shawararka, da ƙwayoyin zan fara. Su kuwa ta ina ake samun su bisa doka, ta hannun 'yan sanda ko duwan, kuma wa ke sa hannu a takardar neman?