Asis a hokin ƙanƙara, ni dai "sila" na zaɓa

Jama'a dan Allah ku zo mu ƙarasa maganar nan ta wace kalmar Hausa za mu sa wa asis a hokin ƙanƙara, don tunda Ovechkin ya karya tarihin Gretzky na yawan ci a gasar NHL a watan Afrilun 2025 ake ta musun wa ya fi wa, kuma na lura duk wanda ya tashi yin bayani da Hausa waje ɗaya yake maƙalewa. Ci muna da shi, maki muna da shi, gola da ɗan baya duk mun gada daga ƙwallon ƙafa, amma in aka zo kan asis sai mu ce "ya bayar aka ci" ko "ya taimaka aka zura", wanda magana ce doguwa da ba ta ƙirguwa. Ba yadda za a yi ka ce mutum yana da ya-bayar-aka-ci 1,963.

Kuma a hoki abin ba ƙarami bane. A ƙwallon ƙafa wanda ya ci shi ake ɗagawa, mai bayarwa sai dai a tuna da shi daga baya, to a gasar NHL ta Amurka da Kanada ci maki ɗaya ne, asis ma maki ɗaya ne, ana haɗa su ne a fitar da makin ɗan wasa. Sannan ci ɗaya yana iya ɗaukar asis har biyu, wato mutum biyu na ƙarshe daga ƙungiyar da suka taɓa faifan, wato ɗan faifan roba da ake bugawa a madadin ƙwallo, kafin wanda ya zura.

Duba abin da rashin kalmar ke jawowa. Gretzky ya ajiye sanda a 1999 da ci 894 a wasa 1,487. Ovechkin ɗan Rasha ya zura na 895 shi ma a wasansa na 1,487, abin mamaki, kuma a zamanin da gololi suka fi ƙwarewa nesa ba kusa ba. In ci kaɗai ka iya faɗa da Hausa shikenan ka gama, Ovechkin ya wuce. Amma Gretzky yana da asis 1,963, na Ovechkin ko rabin haka bai kai ba, mai bi wa Gretzky a tarihin asis Ron Francis 1,249 gare shi. Jagr da yake na biyu a yawan maki gaba ɗaya, ci da asis a haɗe, 1,921 ya tara. Kaga ko da Gretzky bai taɓa zura ko ɗaya a raga ba da har yanzu shi ne kan gaba a maki. Wannan zancen wallahi ya cancanci a faɗe shi da Hausa tsaf ba tare da kame-kame ba.

Toh ga kalmomin da aka kawo.

Wani ɗan'uwa ya ce mu bar shi "taimako" kawai. Yallabai na ji hujjarka, ita ce ta fi saurin zuwa baki, amma taimako ya yi faɗi da yawa. Wanda ya tsaya gaban gola ya tare masa gani ya taimaka, wanda ya bangaje ɗan baya ya buɗe hanya shi ma ya taimaka, kuma ba a rubuta musu komai. "Gudummawa" da "tallafi" duk ciwonsu ɗaya.

Wani malaminmu kuma ya kawo "miƙo", gaskiya ta yi daɗi a kunne, gajeriya ce, kuma in kana kallon yadda Gretzky ke laɓewa a bayan raga, wajen da har ake kira ofishinsa, gola bai san ta wane gefe zai juya ba, ƴan baya suna tsoron binsa can don kar su bar gaba a buɗe, shi ko yana jira har abokin wasansa Jari Kurri ya shigo da gudu sai ya turo masa faifan daidai kan sanda, to wannan miƙo ne na gaske. Sai dai Malam ga inda ta gaza. A hoki in ka buga faifai da niyyar ci, gola ya tare ya dawo, abokinka ya ƙarasa, an rubuta maka asis alhali ba ka miƙa wa kowa komai ba. Haka in ɗan baya ya narka daga nesa wani ya goga masa sanda ya karkata ya shiga. Irin waɗannan suna da yawa sosai a wasan, ba tsautsayi bane na lokaci-lokaci. Shi ya sa "fasin" ma da wasu ke so ba za ta ɗauka ba.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne sila. Kalma ce da kowa ya sani, muna cewa wane ne silar aurensu, wane ne silar samun aikina, wato ba shi ya ƙarasa abin ba amma ta hannunsa ya biyo. Ko miƙawa ka yi ko bugawa ka yi ya dawo, kai ne sila. Tana ƙirguwa kuma, ci 52 sila 163 maki 215, wannan kakar Gretzky ce ta 1985 zuwa 1986, kuma a shekarar Lemieux da ya zo na biyu maki 141 ya samu duka-duka, silar Gretzky kaɗai ta fi su. Ku karanta da ƙarfi ku ji ko akwai inda harshe ya yi tuntuɓe.

Abin da ya ƙara min son ta shi ne tana rabuwa biyu cikin sauƙi, silar kusa ga wanda ya taɓa na ƙarshe kafin ci, silar nesa ga wanda ya taɓa kafin shi. Kuma a nan ne ainihin rigimar kwatanta zamani take. Masu rage wa ƴan shekarun 1980 daraja suna cewa ai lokacin ci ya yi arha, ana zura kusan takwas a wasa ɗaya, gololi suna tsaye ƙiƙam da ƙananan kayan kariya, ƙungiyoyi sun ƙaru zuwa 21 a 1979, kuma duk ci ɗaya na iya jawo sila biyu don haka lissafin kumbura yake. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Gordie Howe a kakar 1952 zuwa 1953 maki 95 ya yi a wasa 70 lokacin ƙungiyoyi shida ne kacal kowa ya san kowa, wannan 95 ɗin ba za ka ajiye ta kusa da ta 1985 ka ce ƙarama ce ba. Amma ni ban yarda a raina silar nesa ba. Ku duba Bobby Orr na Boston, ɗan baya ne fa, shi ne ya fara kai sila 100 a kaka ɗaya, 102 a 1970 zuwa 1971, yana ɗauko faifai tun daga bayan ragarsu ya ratsa fili gaba ɗaya ya wargaza tsarin abokan karawa, sau da yawa kafin a kai ga wanda zai zura aikin ya riga ya ƙare a wajensa. Sau biyu yana zama na ɗaya a maki a gasar, ba wani ɗan baya da ya taɓa yin haka, ga shi gwiwa ta hana shi daɗewa, wasa 657 kawai ya buga. In ba mu da sunan abin da yake yi ta yaya za mu saka shi a musun?

Bayan Orr waɗanda suka kai sila 100 ɗin a kaka ɗaya Gretzky ne sau 11 a jere, Lemieux sau ɗaya, sai McDavid da Kucherov a 2024. A ganina hanyar adalci ita ce a auna kowa da tazarar da ya bai wa ƴan zamaninsa, a ci daban a sila daban, kuma ta wannan ma'aunin Ovechkin ne gwanin ci, Gretzky kuwa ba a kama ƙafarsa ba.

Wata ƴar'uwa ta yi gyara mai kyau, ta ce ai wanda ya yi sakaci aka ƙwace faifai a hannunsa shi ma ana iya cewa shi ne silar cin. Haka ne Hajiya, a hira za a iya faɗa, amma a teburin lissafi inda aka jera ci, sila, maki ba wanda zai ruɗe, in ana tsoron ruɗani a cikin labari sai a ce "an rubuta masa sila". In kuma a wajenku "sanadi" ta fi zama a baki ku faɗa mu ji, ni dai na ga ta ɗan yi nauyi in aka ce sanadin kusa da sanadin nesa.