Neman kalma: "patch" da "firmware" na tsofaffin kwamfutoci

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin kimiyya, kalmomi biyu sun tsaya mini: firmware da patch. BIOS ɗin wasu tsofaffin kwamfutoci, wato firmware ɗin da ke tayar da su idan an kunna, da an wuce 31 ga Disamba 1999, sai ya mayar da shekara 1900, don lambobi biyu kawai agogon ke riƙewa. Maimakon a canza guntun BIOS da ke kan babban allon cikin kwamfutar, sai a ɗora ƙaramar manhaja mai gyara kwanan wata duk lokacin da aka kunna, wato patch. Me zan kira su?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Patch dai faci. Firmware kuma manhajar tushe, tunda ita ke fara tashi kafin Windows.

Malamin Hausa: Faci ai Turanci ne tsagwaronsa, alhali muna da maho. Mahon manhaja. Firmware kuwa na daɗe da ƙirƙira mata suna: tushaja, wato tushe da manhaja.

Hajiya Edita: Malam, don Allah a rufa wa Mai Shiri asiri. Ya faɗi tushaja da sauri a rediyo, ka san abin da kunne zai ji.

Malamin Hausa: Hajiya, kowace sabuwar kalma da dariya ake tarbarta. Kunyar harshenmu ce ke damun mu.

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, ita manhajar ba daga Larabci muka aro ba?

Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida, yaro.

Ɗalibi: To facin ma kakana ya san shi.

Injiniya: Ku dakata, akwai abin da ya fi wannan. Gyaran iri biyu ne. Akwai wanda ake sake rubuta guntun kansa, abin da masu gyara ke ce wa filashin. Idan wuta ta ɗauke ana tsaka da yi, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Akwai kuma wanda ba ya taɓa guntun sam. Tsofaffin BIOS ba sa ganin abin da ya haura megabayit 528 a faifan ajiya, sai manhaja irin Ontrack Disk Manager ta zauna a farkon faifan, ta karɓe aikin daga hannun BIOS da zarar an kunna. Haka bayan an bayyana raunin tsaro mai suna Spectre a 2018, Windows da Linux kan ɗora wa furosesan Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gyara a kowane kunnawa, ana kashewa ya tafi. Na Mai Shiri irin na biyun ne. Kuskuren yana nan daram, kewaye shi ake yi.

Hajiya Edita: To ka ga maho bai dace ba ke nan, shi ɗinke shi ake yi ya zauna.

Malamin Hausa: Facin ma ai liƙa shi ake yi ya zauna. Me ya sa nawa kaɗai za a kayar?

Injiniya: Nan kam Malam ya yi gaskiya. Sai dai mai sauraro zai gane faci nan take.

Mai Shiri: Lokaci ya ƙure. Na ɗauki manhajar tushe da facin manhaja, zan ƙara da cewa sai an kunna yake aiki. Filashin zan bar shi, kada a zaci kiran waya nake nufi. Na gode.

Malamin Hausa: Shi ke nan, je ka da facinka. Amma ka ambaci maho ko sau ɗaya. Tushaja kuma ban janye ba.