Yaya zan koya wa 'yan SS2 gane dabarun masu talla?

Malama Hadiza (Agege): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina koyar da darasin kasuwanci a SS2, zangon nan mun iso kan talla. Littafin ya tsaya kan ma'anarta da ire-irenta, ni kuwa so nake yaro ya ga talla ya gane inda ake jan ra'ayinsa. Don Allah a ba ni shawara.

Malam Isa (Idi-Araba): Wa alaikumus salam Malama. Ki sa kowa ya zo da talla ɗaya daga unguwarsu: ta jikin motar BRT, ko allunan Oshodi, ko saƙon da kamfanin waya ya turo wa mahaifiyarsa. Sai su bi ta da tambaya: wa ya biya kuɗinta, kuma me ya ƙi faɗa? Idan aka rubuta ragi "har zuwa kashi 50", su nemo kaya nawa ne ragin nasu ya kai haka. Su karanta ƙananan rubutun ƙasa da babbar murya, a nan sharuɗɗan suke ɓuya.

Maman Khalifa: Kar a manta masu tallar magani a cikin mota, kwalba ɗaya wai tana maganin basir da taifod da ciwon suga. Suna ɗaga lambar NAFDAC mutane su natsu. Alhali a maganin gargajiya, lambar da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba ko yana cutarwa ne, ba a tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa ba. Wannan bayanin yana jikin kwalbar, yara su gani da idonsu.

Anti Rabi: Ni abin da ya fi damuna yana cikin wayoyinsu. Tallar caca kullum wanda ya ci take nunawa, ba a taɓa hasko waɗanda aka cinye. Ga 'yan TikTok da aka biya su yabi man shafawa kamar ra'ayin kansu ne. Ki ba su labarin MMM, harkar zuba kuɗi ta intanet da ta yi alkawarin ribar kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ma, wata harkar zuba kuɗin irinta, ta durƙushe a Afrilun 2025. Salon iri ɗaya ne: hotunan shigar kuɗi, shaidar maƙwabci, da "yi sauri kafin a rufe". Gaggawar nan ita ya kamata su fara zargi.

Alhaji Garba (Mile 12): Malama, a yi hattara dai. Yawancin yaran nan 'ya'yan 'yan kasuwa ne, kar su koma gida suna ganin iyayensu maƙaryata. Ni ma ina koɗa albasata. Koɗawa halal ce, ɓoye aibi ne haram. Wanda ya jera manya a bakin buhu ya cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, shi ne macuci.

Malam Isa (Idi-Araba): Gaskiya ne Alhaji. Su kuma san akwai hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke tantance tallace-tallace. Ƙorafin mai saye kuwa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ake kai wa.

Malama Hadiza (Agege): Allah ya saka da alheri. Zan raba su rukuni, kowanne ya rubuta tallar kaya ɗaya sau biyu, ta yaudara da ta gaskiya, sauran su tantance. Alhaji, ko za ka samu zuwa ranar Alhamis ka yi musu bayanin buhun nan?

Alhaji Garba (Mile 12): In sha Allahu, bayan an sauke motocin safe. Turo min kwatance.