Inna ta daina cin tuwo, suga ya sauka amma jiri ya shigo

Salamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema kan mahaifiyata. Tana da ciwon suga, ta haura shekara 60, tana shan metformin da glibenclamide. Watan jiya da aka auna ta tun ba ta karya ba, an samu 2,10 (giram a lita), ya hau sosai. Sai wani maƙwabcinmu ya ce mata ta bar tuwo da shinkafa da hura da burodi, har wake. Ta riƙe maganar hannu bibbiyu. Yanzu kwaɗon zogale take ci da ƙwai, da ɗan nama in an samu. Awon ya sauka, jiya 0,85, amma kafin azahar sai gumi ya karyo mata, hannu na rawa, ta ce gari na juya mata. Ita cewa take ciwon ne ke fita. Ni dai hankalina bai kwanta ba. In ƙyale ta, ko in maida mata tuwonta?

Hajiya daga Bagalam: Allah ya ba Inna lahiya. Ɗiyata, sayo mata alkama a yi mata tuwo, shi ne abincin masu suga, shi da acca. Kuma ta maye sukari da zuma.

Wani ma'aikacin jinya: Ƴar'uwa, gumin nan da rawar hannu ba ciwo ne ke fita ba, suga ne ke faɗuwa ƙasa, kuma shi ya fi gaggawa a duk maganarki. Glibenclamide aikinsa ya sa jiki ya fidda insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ko an ci tuwo ko ba a ci ba. An rubuta mata shi lokacin da take cin malmala biyu da hura, yanzu ta janye abincin, ƙwayar kuwa ba a taɓa ta ba. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake yin haka ba. In abin ya taso, ki auna nan take. Ƙasa da 0,70, ki jiƙa mata ƙwayar sukari 3 a ruwa ta sha, bayan minti 15 ki sake aunawa, in ya daidaita ta ci abinci. In ba na'ura a kusa, ba ta sukarin kawai. In ta suma kada a ɗura mata komai a baki, asibiti za a yi da ita. Gobe ki kai ta wurin likitanta ki faɗa masa ta canza cima, shi zai rage maganin ko ya sauya. Kafin nan a sa mata ɗan tuwo a kowane ci, kada ta sha ƙwayar nan ta zauna da ganye kaɗai a ciki.

Wani direba: Ni ma ina da shi. Nama da ƙwai kaɗai na koma, na ga sauyi. A bar tsohuwa ta yi abinta.

Ma'aikacin jinya: Malam, kai wane magani kake sha? In ba irin nata ba ne, hanyarku ba ɗaya ba ce. Kuma wanda ya daɗe da suga, a duba masa ƙoda kafin ya dulmuya cikin nama.

Malama daga Ali Ɗan Sofo: Maƙwabcin naku bai yi ƙarya duka ba. Abinci mai sitaci shi ne ke komawa suga a jini, rage shi na saukar da awo, ga shi kin gani da idonki. Inda ya kauce shi ne cewa a bari kwata-kwata, kuma ba a sanar da likita ba. Da girmamawa ga Hajiya, tuwon alkama ma sitaci ne, acca ma haka. In an cika kwano da su awo zai hau, kuɗi ne kawai za a ƙara kashewa. Zuma kuwa suga ce tsagwaronta.

Abin da muke yi wa maigidana: miya ce ta zama abinci, tuwo ya koma rakiya. Malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunsa, sai a cika kwano da kuɓewa ko kuka ko yakuwa, ga kabeji ko salak a gefe. Mu Maradawa ba mu da uzuri a nan, zogalen Jiratawa na shigowa kasuwa, ƙuli-ƙuli ba ya yankewa, ga awara, ga kifin Madarunfa in aljihu ya yarda. Wake ban ga dalilin korarsa ba. Yana da sitaci, amma ba ya tada suga da sauri irin na farar shinkafa, kuma yana riƙe ciki. A dafa shi zalla da manja ko man gujiya kaɗan, ba a haɗa shi da shinkafa ba.

Wanda ya fi ba mu wahala ma ba tuwo ba ne, abin sha ne. Gwangwanin lemu ɗaya na 33 cl na ɗauke da sukari wajen giram 35. Ga shayi kofi uku, kowanne da sukarinsa. Ga kunun aya da ake markaɗawa da dabino, mutane na ɗauka tunda na gida ne ba komai. Da muka cire waɗannan kaɗai awonsa ya fara ladabi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wallahi ban san ƙwayar ce ba. To hura fa? Inna za ta iya haƙura da shinkafa har abada, amma hura ita ce rigimarmu kullum. Tun da ta bar ta take ƙunci.

Wani dattijo daga Tibiri: Ɗiyata, raba Bamaraɗiya da hura ba ƙaramin aiki ba ne, ni ban iya ba. Dama mata da kanki, nono mai tsami da yawa, hura ɗan gutsure, ba sukari, a ƙaramin kofi ba a ƙwarya ba. Ranar da ta sha, a rage tuwon rana. Sa'an nan ki bar na'ura ta yi alƙalanci: auna kafin ta sha, ki sake aunawa bayan awa 2. Likitoci sukan so awon bayan cin abinci ya tsaya ƙasa da 1,80. In ya wuce, gobe ki rage gutsuren. Jikin kowa daban, wani hura ke tada masa, wani kuma waina ce. Ki sami ɗan littafi kina rubuta abin da ta ci da awon da ya biyo, ki tafi da shi asibiti.

Ma'aikacin jinya: Baba ya faɗi daidai. In kun je, ki roƙi a yi mata awon HbA1c, shi ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata 3 da suka wuce, da awon ƙoda. Kuma in ƴan'uwa na Katsina sun ce maki awonsu 126, kada ki firgita, na'urarsu da wani ma'auni take ƙirga, shi ne 1,26 namu.

Mai tambaya: Na ji. Na riga na ajiye mata sukari a bakin gado, daren nan kuma da tuwo za ta kwana. Gobe da sassafe za mu tafi. Malama, kwaɗon zogalen da ƙuli-ƙuli, akwai iyakar da kike sa wa maigidanki ko yana ci har ya ƙoshi?

Malama: Ganyen ya ci ya ƙoshi. Ƙuli-ƙulin nake aunawa, kuma ki tambayi mai sayarwa, wasu na sa sukari a nasu.