Wai a Jamus waye ke zaɓen shugaban gwamnati?

Dan_Kurmi: Salam jama'a, dan Allah a fahimtar da ni. Naji ance a Jamus talakawa basa zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye, to meye amfanin ƙuri'arsu kenan?

Malam_Fagge: Wslm. Ƙuri'a biyu ma kowa ke jefawa, ɗaya ta ɗan takarar mazaɓarka ɗaya ta jam'iyya, su kuma ƴan majalisar Bundestag su zaɓi shugaban gwamnati, kuma galibi sai jam'iyya ta samu kashi 5 cikin ɗari kafin ta shiga majalisar, kuma da yake ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un jam'iyyu, da wuya jam'iyya ɗaya ta samu rinjaye, shi yasa kusan kullum zakaji ana gwamnatin haɗaka. Jihohinsu 16, harkar makarantu da ƴan sanda mafi yawa a hannunsu take.

Maman_Iman: Ni abinda ya burgeni, ƴan majalisar basa iya tsige shugaban gwamnati sai sun amince da wanda zai gaje shi. Haka akayi a 1982, Kohl ya karɓa daga Schmidt.

Baba_Tsoho: Yaro ai mu ma munyi irinsa. Tafawa Ɓalewa firaminista ne, daga majalisa ya fito, jam'iyyarsa ta NPC ta haɗa kai da jam'iyyar NCNC, Sardauna na firimiyan Arewa, har sojoji suka rusa a 1966.

Dan_Kurmi: Nagode Baba, wallahi ban taɓa haɗa su ba. To shugaban ƙasarsu fa, meye aikinsa?