Danshi yana cin bangon gidana daga ƙasa, ina mafita?

Assalamu alaikum. Magina da injiniyoyi, don Allah ku taimaka mini.

Shekara 3 ke nan da na gina gida a Zariya da bulon siminti mai inci 9. Tun daminar farko bangon falo da na ɗakin yara suka fara jiƙa daga ƙasa, har kusan tsayin gwiwa. Fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, filasta kuma da ka taɓa sai ta zube. Rufi ba ya yoyo, babu bututun ruwa a cikin bangon.

Mun kankare filastar, muka sake yi da siminti haɗe da maganin hana ruwa. Wata 5 kawai ya yi, danshin ya ɓullo sama da inda muka gyara. Na manna tayil ta waje, abin ya ƙaru ta ciki, har kabad ya fara warin ruma. Sai daga baya birkilan ya amsa cewa ba su shimfiɗa ledar hana danshi a kan fandisho ba. Wannan ya ƙona mini rai matuƙa.

Akwai hanyar tare wannan danshi daga tushe ba tare da an rushe bangon ba?